Maganin Dorina a Garwa

Tun da muka dawo daga Garwa ba a bar ni na huta ba. A bakin kanal a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni. Abokan karatuna na ajin yaƙi da jahilci kuwa sun mai da abin kamar darasi: "Habu, wai da gaske a can dorina tana cin abinci a hannun mutum?" "Habu, me ya sami hannun Baffanka?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Malaminmu ya ce tunda na iya haɗa baƙi, in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya tambaya a miƙa masa. Na yarda, don akwai wani abu a cikin labarin da har yau ban faɗa wa mutane da baki ba, kuma ina ganin a takarda zai fi mini sauƙi.

Ni manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Baffa Ilu ƙanin mahaifina ne, shi ne Sarkin Bakan garinmu. Yana da bindigar farauta irin ta Turawa, mai lasisi, wadda wani Bature cikin masu haƙa kanal ya bar wa kakanmu. Baffa ya gaje ta, ya shekara arba'in yana rataye da ita. Da ita ya raba gonakinmu da gadu da birai.

Bana, bayan an gama dashen shinkafa, sai dorina ta hauro daga kogi. Guda ɗaya ce tak. Gonar da ta shiga, da safe sai ka rantse tarakta aka bi ta da ita. Aka kai kuka, ma'aikatan daji suka zo suka duba sawu, suka ce in kora ta gagara, Sarkin Baka yana da izini. Baffa ya yi mata kwanto, ya harbe ta sau biyu, ta koma ruwa tana jini. Bayan kwana uku ta kife kwalekwalen Lawan masunci, mijin Hajara 'yar Baffa. Sai washegari aka tsinci gawarsa a cikin ciyawar bakin ruwa.

Ba wanda ya faɗa wa Baffa a ido, amma kowa ya faɗa a bayansa: dorina mai rauni ta fi mai lafiya mugunta, da bai taɓa ta ba da Lawan yana nan. Ranar sadakar uku aka kawo shinkafa wajen zaman makoki. Baffa ya ture kwanon da ƙafa, ya ce, "Wallahi ba zan ƙara cin shinkafa ba sai na ga bayan dabbar nan."

Liman ya ce, "Ilu, ce in sha Allahu."

Bai ce ba. Wanda ya san garinmu ya san nauyin wannan rantsuwa. Mu da muke karyawa da shinkafa, mu yi rana da ita, mu kwana da tuwonta.

Ɗan'azumi direba, mai kai albasa Yola, shi ya kawo zancen Garwa. Ya ce wa Baffa laifin ba na hannunsa ba ne, harsashin ne ya yi ƙanƙanta. Ya ce a Kamaru akwai wani tsoho, Malam Buba, ya daɗe yana gyara wa Turawa masu farautar ɓauna bindigogi, kuma yana iya faɗaɗa cikin bindiga ta ɗauki wani babban harsashi da suke kira maganum.

Baffa ya ce, "Magani?"

"Maganum, Baffa."

"To ai shi na faɗa. Shi muke nema."

Daga ranar bai ƙara kiran harsashin nan da wani suna ba sai magani.

Ɗan'azumi ya kira Malam Buba a waya. Tsohon ya ce a duba jikin bakin bindigar, akwai lamba a rubuce, a gaya masa. Ɗan'azumi ya ce bari ya ɗauki hoto ya tura. Baffa ya ƙi, don shi ba a ɗaukar bindigarsa hoto. Ni kuma na ce, "Wane hoto kuma, ga mai karatu a zaune?" Shekarata biyu ke nan a aji, ina ji da kaina. Na fito da ita haske, na goge ƙarfen da babban yatsa, na ga lambobi uku. Na karanta da ƙarfi: "Uku, huɗu, biyu." Na kuma rubuta su a littafina.

Malam Buba ya ce, "Ɗari uku da arba'in da biyu? Ban taɓa riƙe irinta ba. Amma duk wadda ta haura ɗari uku babba ce, tana da nama a jikinta, aikin ba zai yi yawa ba. Ku zo in ga mai ita. Ba na yi wa mutum aiki sai na ga idonsa na ga kafaɗarsa. Kada ku ɗauko ta, bindiga ba ta ƙetare iyaka. In na yarda, ni zan biyo ku da kayan aikina."

Baffa ya dube ni ya ce, "Ashe bokon nan yana da rana." Ya ce ni zan raka shi.

Ranar Talata muka tashi. Daga Kura zuwa Kano a bayan motar tumatir muka zauna, daga Kano muka shiga ta Yola. Kusa da Baffa wani mai tallar tabarau ne ya zauna, ɗan siriri mai yawan magana, da akwatinsa a cinya. Tun daga Wudil yake lallashin Baffa ya gwada ɗaya.

"Baba, kyauta ne gwaji."

"Yaro, ni da nake hango kunnen zomo a cikin dawa?"

"To ka sa ka hango na ɓera."

Mota ta kwashe da dariya, Baffa ya karɓa don a ƙyale shi. Ya sa a idonsa. Ya dubi hannun rigarsa, ya dubi tafin hannunsa, ya leƙa waje ya daɗe yana kallon bishiyoyi. Can ya cire ya mayar, ya ce jiri suke sa shi. Ni kuwa na tuna harbi biyun nan da ya yi wa dorina, na fara tunanin ko ba a inda ya nufa suka sauka ba.

A Gombe aka tsaya cin abinci. Rumfa huɗu na shiga, shinkafa da miya, shinkafa da wake, dafa-duka. Baffa ya zauna a gindin mota yana tura busasshen burodi da ruwan leda. Na sayi tawa na ɓuya bayan rumfa na ci, kamar ɓarawo. Bayan Kaltungo taya ta fashe, ta canjin ma ba iska, muka yi zaman awa uku a gindin wata tsamiya. Shingayen bincike kuwa na ƙirga har na bari.

A Yola wajen 'yan albasan garinmu muka sauka, suka shimfiɗa mana buhuna a rumfarsu. Kwana biyu bayan nan in na yi gumi albasa nake ji. Da safe na samo wa Baffa kunun gyaɗa wajen wata mata. Na tambaye ta ko na gero ne, ta gyaɗa kai, ashe Fulatanci kawai take ji sosai. Baffa ya sha da daɗi, rabonsa da abu mai ɗumi tun gida. Da ya kai ƙasan kofin sai ya tsaya. Ya sa yatsa ya lakato, ga ƙwayoyin shinkafa fari sol.

"Habu, mene ne wannan?"

Na ce, "Baffa, ai ci ka rantse, ba sha ba."

"Kai ne za ka yi wa Allah lauya?"

Wani dattijo cikin 'yan albasan ya ce abin da aka yi bisa rashin sani ba ya karya rantsuwa. Baffa ya tashi. Ya koma bayan rumfa ya kuskure baki har sau bakwai. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ban sani ba ko albasar ce.

Daga Yola muka hau wata tsohuwar mota zuwa Gurin, inda iyaka take. A nan ne abin da na ce ban faɗa wa mutane ba ya faru.

Baffa yana da wani kwanson harsashi na bindigarsa, fanko, da ya toshe bakinsa da ɓargon kara yana ajiye allura da tsinken sakace a ciki. Ya fi shekara ashirin a aljihunsa, har ya manta asalinsa. Da aka zo bincike, wani ma'aikacin iyaka ya zaro shi, fuskarsa ta canza. Aka zaunar da mu a benci. Baffa ya fito da lasisinsa da takardar ma'aikatan daji, na yi bayani iya iyawata. Ma'aikacin ya zazzage allurai a tafinsa, ya yi murmushi, ya ce, "Baba, da wannan za ka ɗinke dorinar?" Sannan ya juya gindin kwanson ya karanta abin da ke jiki da Turanci, don abokinsa ya rubuta: "Tu, fo, tiri."

Ban iya Turanci ba, amma duk wanda ya taɓa sayar wa 'yan kudu tumatir ya san ƙirgensu. Biyu, huɗu, uku. Na koma gefe na buɗe littafina. Uku, huɗu, biyu. Lambobin su ne, amma sun juya wa juna baya.

Nan take na gane abin da na yi. Ni ɗan makarantar allo ne tun ina ƙarami, idona ya saba farawa daga dama. Boko da girma na shige shi. In ina aji, malami yana tsaye, ina tunawa in fara daga hagu. Ranar nan da mutane suka zuba mini ido, ina ɗokin in nuna na iya, sai idona ya koma gidansa na da. Ya ɗauko lambobin ta dama, hannuna kuma ya jera su ta hagu.

Aka mayar wa Baffa da kwansonsa aka ce mu wuce. Gida yana bayanmu kwana biyu, Garwa tana gabanmu wuni ɗaya. Na ce wa kaina wataƙila lambar kwanso daban, ta bindiga daban. Na san ƙarya nake yi. Na rufe littafin na bi bayansa.

Kogin Faro muka ƙetare a kwalekwale, mu da babura biyu da buhunan gishiri. Rabon Baffa da shiga kwalekwale tun kafin rasuwar Lawan. Ya zauna a tsakiya ya ƙura wa ruwa ido, hannunsa na dama yana ta komawa kafaɗa, inda igiyar bindiga ta saba zama. Ya tambayi mai tuƙin ko akwai dorina a nan.

"Akwai su, Baba. Suna can sama."

"Ba sa taɓa ku?"

"Mun san wurinsu, sun san namu."

Wajen sauka takalmina ɗaya ya maƙale a laka, ruwa ya tafi da shi. Da ƙafa ɗaya a takalmi na shiga ƙasar Kamaru, sai a garin gaba na sayi silifa da sefa, kuɗinsu da har muka dawo ban daina ruɗewa da shi ba.

Garwa gari ne mai zafi, zafin Kano wasa ne. Gaisuwarsu gajeriya ce, "Jam na?" a ce "Jam," an gama. Baffa da ya saba sai ya tambayi gida da gajiya da rani da iyali, sai ya ga mutum har ya yi nisa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya fi ƙarfin haƙoran Baffa, sai mun jiƙa masa a shayi. Mata suna tuƙa babur da kansu, da jakar cefane a gaba, ba mai waiwayensu. Akwai wani rogo da suke naɗewa a ganye su ɗaure da zare, warinsa kamar na jiƙon da ya kwana uku, amma su suna cinsa da kifi suna lumshe ido. Na ɗanɗana don kada a ce na raina, Allah ya sa ba a ƙara mini ba.

Malam Buba ya tarbe mu a gidansa. Tsoho ne gajere, mai faɗin ƙirji, kunnensa ɗaya ba ya ji, Hausarsa tana da karin Fulatanci. Ya sauke mu a ɗakin zaure. Don girmamawa, da aka ji baƙin daga Kano suke, matarsa ta dafa shinkafa da ƙaton kifin Binuwai. Baffa ya ci kifin ya bar shinkafar. Na ga ran mai gida ya ɓaci, sai na ja shi gefe na ba shi labarin Lawan da rantsuwar. Ya daɗe yana kallon Baffa daga nesa, sannan ya leƙa cikin gida ya ce a tuƙa tuwon jar dawa.

Washegari da hantsi ya kai mu maƙerarsa. Ba irin tamu ba ce, ba zuga-zugi, ba uwar maƙera. Teburi ne dogo da injin juya ƙarfe, da ƙananan kayan aiki jere a bango, kowanne da ƙusarsa. Ya ce in nuna masa lambar. Na miƙa masa littafin. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce tun ranar wayar nan yake bincike bai ga bindiga mai wannan lamba ba. Ya tambaya ko mun zo da wani abu nata. Baffa ya zaro kwanson.

Malam Buba bai ma juya gindinsa ba. Yana ganinsa ya ce, "Wannan? Ai wannan na harbin gada ne." Sannan ya juya ya karanta, ya dubi littafina, ya dube ni. Ya ce, "Malam, ta wane gefe ka faro?"

Na ce, "Ta dama."

Bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya ɗauko wani kwanso daga aljihun teburi ya tsayar kusa da na Baffa. Kamar ka tsayar da taɓarya kusa da muciya.

Baffa ya nuna babban ya ce, "Shi ne maganin?"

"Ba magani ba ne, Sarkin Baka. Maganum. Da yarensu babba kawai yake nufi."

"To a faɗaɗa tawa ta ɗauke shi."

Malam Buba ya zauna a kan benci ya yi masa bayani a hankali, kamar mai yi wa mutum ta'aziyya. Ya ce da lambar da aka gaya masa ce, da ɗan gyara ne. Amma wannan bakinta siriri ne, in aka rarake shi ba abin da zai rage, ranar da aka harba a fuskar mai ita za ta fashe. Sai dai a sake baki. In an sake baki, sai an sake abin da ke tura harsashi, don wannan ba zai kama gindin babban ba. In an sake shi, gidan harsashin ya yi gajere. Ƙotar ma ba za ta jure ba, tsagewa za ta yi.

"To me zai rage na bindigar mahaifina?"

"Igiyar ratayawa."

Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Baffa, ni na jawo mana wannan." Ko kallona bai yi ba. Ya ce wa Malam Buba, "A sake duka ɗin. Ni na yi rantsuwa."

"Na gaya muku a waya, ba bindiga kaɗai nake dubawa ba. Shekarunka nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga nawa, saba'in da biyu, kuma na girme ka da kaɗan ne ko ka girme ni. Shekara goma rabona da harba irin wannan. Ita harbi biyu take yi, ɗaya gaba, ɗaya baya, kamar jaki."

"Kana da ita a nan?"

"Akwai ta wani mai farauta da na gama gyarawa."

"Ba ni in gwada. In na tsaya da ƙafata, ka biyo ni Kano. In na faɗi, na ƙyale ka."

Malam Buba ya ƙi, Baffa ya nace. Ya ce ya ƙetare kogi, ya kwana a kan albasa, ba zai koma a ce ko taɓa maganin bai yi ba. Na sa baki ya ce in rufe masa baki, karatuna ya ishe shi haka. Wannan ce kaɗai maganar da ya yi mini a kan kuskuren, kuma na cancanci fiye da ita.

Da la'asar muka fita bayan gari, gindin wani dutse inda Malam Buba yake gwada aikinsa. Ya jingina wani tsohon faranti a jikin tudu. Ya nuna wa Baffa yadda zai matse ta a kafaɗa ya karkata gaba. Baffa ya ce, "Ni za a koya wa riƙon bindiga?" Ya riƙe ta yadda ya saba riƙe tasa, sakwa-sakwa, kamar mai riƙe da sanda. Ya daɗe yana saiti. Na ga bakin bindigar yana yawo.

Ƙarar ban taɓa jin irinta ba, sai da tsuntsayen dutsen nan duka suka tashi. Da na buɗe ido Baffa yana zaune a ƙasa, hularsa a can gefe, hannunsa na dama ya saki. Farantin yana nan yadda aka jingina shi, ko ƙura bai yi ba. Baffa bai yi ihu ba. Ya ce, "Habu, ɗauko mini hulata."

Ƙashin nan da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa ne ya karye. Malam Buba ya kai mu wajen mai ɗori, aka ɗaure, muka ƙara kwana huɗu a zaurensa. Kullum sai ya zo ya zauna kusa da Baffa. Sau ɗaya na ji ya ce, "Ni ma da laifina, da ban ba ka ba." Baffa ya ce, "Da ba ka ba ni ba, da har yanzu ina ganin rowa ka yi mini."

Ana gobe za mu taho, da yamma, Malam Buba ya ce mu zo mu ga wani abu. Ya kai mu bakin Binuwai, ƙasan gada. Mata suna wanki, masu yashi suna lodi. Wani mutum ya shiga ruwa iya gwiwa da buhun dusa, ya yi wani irin kira. Sai ga dorina ta taso, ƙatuwa, ta fi tamu. Ta buɗe baki kamar ƙofar rumbu, yana watsa mata dusa da hannu, har yana shafa mata hanci. Masu wanki ko ɗaga kai ba su yi ba. To ga amsarku, masu tambaya: da gaske ne, da idona na gani.

Baffa ya tsaya da hannunsa a rataye yana kallo. Can ya ce, "Wannan ba a taɓa harbinta ba."

Malam Buba ya ce, "Ba a taɓa ba."

Muka juya muka koma gida.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta sai ramukan hanya, don kowane rami sai na ga Baffa ya cije leɓe. Mun iso mun tarar an rufe ruwan kanal don gyara, kogi ya ja baya, dorinar ta bi ruwa ta yi gaba. Wasu sun ce an gan ta can ƙasa, wasu sun ce raunin ya kashe ta. Ba wanda ya ga gawa. Da lokacin girbi ya zo, gonar da Lawan ya bar wa Hajara rabinta kawai aka girbe.

Ɗorin ya kama, amma hannun bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Baffa ya ci gaba da cin tuwon dawa da ɗan wake, yana ramewa. Liman ya zo sau biyu ya ce masa rantsuwar da ta gagara akwai kaffara, a ciyar da miskinai goma. Baffa ya ce ya ji.

Ranar da aka kai sabuwar shinkafa inji aka dawo, ya aika a kira ni. Na same shi a zaure, bindigar tana kwance a tabarma a gabansa. A tsakar gida ina jin motsin tukwane, a ƙofar gida kuma ga mutum goma a zaune a inuwa, tsofaffi da makafi biyu, ana zuba musu.

Ya ce, "Zauna. Karanta mini lambar nan."

Na ɗora yatsa a hagu, na bi a hankali. "Biyu, huɗu, uku."

"To. Ashe ƙarama ce tun asali. Shekara arba'in ina ce mata babba."

Na ce, "Baffa, akwai abin da ban gaya maka ba. Tun a Gurin na sani. Da ma'aikacin nan ya karanta kwanson na gane na juya lambar. Da na yi magana da mun koma, da hannunka yana nan."

Ya dube ni ya ce, "Tu, fo, tiri. Kai kaɗai ka taɓa sayar da tumatir?"

Na ce, "To me ya sa ba ka ce mu juya ba?"

"In juyo daga bakin iyaka in ce wa Hajara me?"

Sai ga Hajara ta shigo da kwano, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta buɗe. Shinkafa ce fara, ta gonar Lawan, da ɗan mai da yaji. Ta ce, "Baba, ka ci." Ta fita ba ta jira ba.

Ya kai hannun dama ya ɗebo, ya ɗaga, hannun ya tsaya a ƙirji. Ya sunkuyo da kai, bai kai ba. Shinkafar ta zube a rigarsa. Baffa bai taɓa cin abinci da hagu ba, kuma na san ba zai fara ranar ba. Na tashi na wanke hannuna, na dawo na zauna kusa da shi, ta damansa. Na dunƙula loma, na ce bismillah. Ya buɗe baki.